Barcin Da Ya Kama Irin Dawar Uwata

Assalamu alaikum jama'a. Ni ban yi boko ba, jikata ce ke riƙe da alƙalami, ina faɗa tana rubutawa, kuma na ce mata kada ta gyara mini magana. Na tsufa, ban da sauran abin da zan ci da ƙarya. Abin da zan gaya muku, na rantse da Wanda ke tsaga ƙwaya ya fitar da tsiro, da idona na gan shi, da rana tsaka, ba mafarki ba ne, ba kuma a bakin wani na ji ba.

A daminar farko bayan an yanke mana jihar Zamfara abin ya faro. Lokacin ina zaune a ƙauyenmu, can bayan Bungudu, maigidana ya daɗe da rasuwa, ina hannun babban ɗana Lawali. Noma na maza ne, wannan kowa ya sani, amma a gidanmu iri na tsohuwa ne. Kafin a sa lauje a gona ni ke fara shiga, in bi kunya kunya ina zaɓen zangarniyar da ta fi cika, in ɗaure su in rataye a ɗakin girki hayaƙi ya bi su, in sun bushe in sussuke, in cuɗe da toka, in zuba a tulu in liƙe bakinsa da laka. Ba mai buɗe tulun nan sai ni.

Dawar kuwa ba ta kasuwa ba ce. Farafara ce ta uwata, 'yar ƙanana mai ɗan baƙin ɗigo a gindi, ita ma a hannun uwarta ta karɓa. Da za ta rasu ta raba mana ita biyu, ni da ƙanwata Kulu da ke aure a Tsafe. Shekarun da ruwa ya ɗauke gonaki sunka ƙone, ita ce ta riƙe mu. Duk bakin da ke cin tuwo a gidan Lawali, daga tulun nan yake ci. Kuma akwai abin da uwata ta koya mana: duk inda kin ga zangarniya mai kyau, ko a gonar wa take, ki roƙi ɗaya ki zuba cikin naki, don iri in ya daɗe shi kaɗai yakan gaji. Mukan ce an ƙara masa jini. Haka na tashi na gani, haka nake yi, ban taɓa ganin sharrinsa ba.

To, saura kwanaki ruwa ya sauka, sai ga wata farar mota a-kori-kura ta tsaya a bakin gonarmu, mace ɗaya da direbanta. Doguwa ce, baƙa, ba za ta wuce shekara talatin ba, da lulluɓinta, da dogon takalmin roba irin na masu shiga fadama. Hausarta tas, amma ba irin tamu ba, ba ta Kano ba, ba ta Katsina ba, na kasa sanin ta ina ce. Direban nan kuwa, tun da sunka fara zuwa har sunka daina, ban taɓa jin muryarsa ba. Ta ce su masu binciken shuka ne, aron ɗan kusurwar gona take so don gwaji. Ba ta faɗi sunanta ba, mu ma kunya ta hana mu tambaya, sai muke ce mata Malama. Lawali mutum ne mai son sabon abu, kafin ta rufe baki ya ce ta zaɓi inda take so.

Sunka kewaye wurin da raga, sunka shuka dawarsu layi huɗu. Takan zo da hantsi bayan kwana uku ko huɗu, kuma ba ta shiga gona sai ta zo ta durƙusa ta gaishe ni. Nakan dama mata fura. Tana da ladabi, wannan ba zan hana ta ba.

Ran nan, dawar ta kai gwiwa, ta ce in zo in zaɓi layi ɗaya, duk wanda na ga dama. Na nuna na biyu. Ta fito da wata 'yar kwalba daga jaka, ta ɗiga abin da ke ciki a bokitin ruwa, ta yayyafa wa layin nan shi kaɗai. Na sunsuna ruwan, ba wari, ba launi. Kwana uku na dawo, wallahi sai da na ja da baya: layin da na nuna ya yi ja wur, ganye da kara, kamar karan dafin da ake rina fata da shi, sauran ukun kuwa kore shar, alhali a gabana anka zuba su daga leda ɗaya. Ta daina yayyafawa, sababbin ganyen sunka fito kore. Ta koma kan layi na huɗu, shi ma ya yi ja. Haka ta yi ta yi, kamar mai kunna fitila tana kashewa.

Na ce mata wannan wane irin asiri ne. Ta yi murmushi ta ce ba asiri ba ne. Ta ce duk abin da dawa za ta zama a rubuce yake a cikin ƙwayarta, tsawonta, da launinta, da ranar da za ta fitar da kai, sai dai wani a farke yake, wani yana barci. Jan nan ba su sunka ƙirƙire shi ba, yana ciki tun asali, su ƙofa kawai sunka sa masa, ruwan kwalbar ke buɗe ta. Jikata da ke rubuta wannan ta ce yanzu masu ilimi na yin irin haka a ɗakunan bincikensu, ba a ɓoye ba. To ni dai ina gaya muku abin da na gani tun wancan lokaci, a bayan Bungudu, inda ko fitilar lantarki babu.

Na jujjuya maganar, sai na ce, "To Malama, in kin iya tada na barci, kin iya sa na farke barci ke nan."

Ta kalle ni ta ce, "Shi muka zo gwadawa, Inna."

Na share, na ce a raina maganar 'yan boko ce.

Da dawar ta fitar da kai sunka sa wa kowace zangarniya hular takarda sunka ɗaure. Ranar da anka cire hulunan, da kaka, na ga abin da ban taɓa gani ba tun da nake shiga gona. Kowace zangarniya sai ka sa hannu biyu, a cike dam, fara sol, ba ƙwaro ba tsutsa. Malama ta tara mu ni da Lawali ta ce gobe za su yanke duka su ƙone. Ta ce kada kowa ya ci, kada kowa ya ajiye iri, don 'ya'yan wannan dawar a rufe suke, in ba a jiƙa su da ruwansu ba, ba za su tashi ba. Ta maimaita, kuma ni take kallo da ta maimaita.

Jama'a, ku yi mini adalci. Ni tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin an cinna wa abinci wuta da gangan ba. Ƙwaya ɗaya ta faɗi ƙasa, durƙusawa muke yi mu tsince. Sannan na ce a raina, wace ƙwaya ce za ta haɗu da ruwan sama da ƙasar Allah ta ce ba za ta tsiro ba? Tsorata mu kawai take yi don kada mu ɗiba. Da azahar maza sunka tafi masallaci, na ɗaga ragar nan na sunkuya na shiga, na yanki zangarniya biyu na tura cikin zanena. Biyu tak. Washegari sunka tara sauran sunka ƙone, sunka naɗe ragarsu, ta durƙusa ta yi mini sallama, motar ta tafi. Ba su sake dawowa ba.

Na sussuke biyun nan na zuba a tulu cikin dawar uwata, na sa hannu na cuɗa har gindi, ina murna. Ban tsaya nan ba, na ƙulle cikin tafin hannu ɗaya a tsumma na ba wata mai zuwa cin kasuwar Tsafe, na ce ta kai wa Kulu, ta ce mata ga ƙarin jini in ji yayarta.

Damina ta kewayo, anka yi ruwan shuka mai kyau. Lawali na gaba da sungumi yana saran ramuka, mu mata muna bayansa muna zubawa muna rufewa da diddige. Kwana huɗu gonar maƙwabta ta yi tsiro. Tamu shiru. Kwana shida, kwana takwas, gonaki hagu da dama sun yi kore, tamu a tsakiya kamar an share tsakar gida, sai ciyawa. Lawali ya ce ƙila tsuntsu ya tone, ko ruwan ya yi yawa. Munka sake shukawa da abin da ya rage, saura kaɗan a gindin tulu. Anka sake ruwa har biyu. Shiru.

Na tafi gonar ni kaɗai da hantsi na tona rami ɗaya. Ga ƙwayoyin nan kwance yadda munka zuba su. Ba su kumbura ba, ba su ruɓe ba, ƙasa jiƙe sharkaf amma su a bushe ƙamas, ko gara ba ta taɓa su ba. Na tona na biyu, na tona na goma, duk haka. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, yawancinsu 'yan ƙananan nan ne masu baƙin ɗigo. Na uwata ne. Ba na Malama ba. Zangarniya biyu na zuba cikin tulu guda, in nata ne kaɗai sunka ƙi, ai da gonar ta tashi ba wanda zai ma lura. To me ya sami na uwata? Na kawo su gida na watsa wa kaji, sunka rugo, sunka tsaya a kansu suna karkata kai, sunka juya sunka tafi.

A nan na kira Lawali na gaya masa abin da na yi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, da bakinta fa ta gaya mana." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Washegari munka shiga mota zuwa Gusau, munka yi ta tambaya har anka kai mu wani ofishin malaman gona. Wani dattijon malamin gona ya saurare mu, ya leƙa ɗakunan abokan aikinsa ya tambaya, ya dawo ya ce ba wanda ya san da wata mata mai gwajin dawa a yankinmu, kuma ba mai yin gwaji a gonar mutane su ba su sani ba. Ya ce abin da nake faɗa, shi ma kwanan nan ya ji a rediyo wai a ƙasashen waje akwai masu tunanin yin irin da ba ya tsirowa sau biyu, amma bai ji an shuka shi a gonar kowa ba, balle a Bungudu. Kuma ko an yi shi, ba ƙyanda ba ce da za ta bi ƙwaya ta kama ƙwaya a cikin tulu. Har ya tsokane ni ya ce, "Inna, ko dai wani kika yi wa rowar iri ya lallaɓa ya dafa miki shi?" Na kwance bakin zanena na ba shi wanda na tono, na ce kwanansa ashirin a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya sa ɗaya a haƙori ya fasa, ya dubi cikinta, ɗanya ce garau, da ɗan idon tsironta lafiya lau. Dariyar ta ɗauke masa. Ya ce mu je mu nemi dashe a wurin maƙwabta tun lokaci bai ƙure ba.

Na ce wa Lawali ya koma gida ya fara dashen, ni zan wuce Tsafe. Ina da sauran fata ɗaya: rabon Kulu. In na samo ko mudu ɗaya na dawar uwarmu tsantsa, ko ba ta ciyar da mu bana ba, irin bai yanke ba. Duk hanya ina addu'a Allah ya sa matar nan ta mance da saƙona, ko ta yar, ko ta ba kajinta.

Na tarar da Kulu zaune a ƙofar ɗakinta ta yi tagumi. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta dubi fuskata ta ce, "Yaya, ke ma?" Saƙo ya iso, kuma ta yi abin da uwarmu ta koya mana, ta zuba a tulunta ta cuɗa. Ta ja ni zuwa gonar mijinta. Fili fetal. Munka tsaya mu biyu, tsofaffi, a tsakiyar gonar nan muna kallon ƙasa.

Da zan koma, ina tsaye a bakin titi nan Tsafe ina jiran motar Gusau, rana ba ta ko yi sanyi ba, ga mutane, ga masu albasa, ga babura na wucewa, sai na ji an ce, "Inna." Na san muryar. Na juya, ga ta tsaye a inuwar wata bishiya kusa da mai albasa, da lulluɓinta, da dogon takalmin robarta. Amma jama'a, wallahi tallahi, matar da na dama wa fura bara tana 'yar shekara talatin, yau ga furfura fara fat ta leƙo ta gefen ɗankwali, fuska ta yamutse, baya ya ranƙwafa. Ta kusa kai ni tsufa.

Ta ce, "Kin ɗiba."

Na ce, "Na ɗiba, Malama. Na yi kuskure. Don girman Allah ki ba ni ruwan nan ko ɗigo ne, ba don naki ba, don na uwata."

Ta girgiza kai ta ce, "Da zai yi da na ba ki. Rufewa muka iya, Inna. Mun ɗauka mun iya buɗewa."

Na ce to irin ya mutu ke nan. Ta ce a'a, bai mutu ba, zai tashi, amma ba ranar da nake so ba. Na ce mata, ke kuwa me ya same ki haka, shekara ɗaya ce fa.

Ta ce, "A wurinku."

Daidai nan ɗan kamasho ya ɗaga murya yana kiran Gusau saura mutum ɗaya, na waiga in ce masa ya jira ni, na juyo, ba kowa a inuwar. Ba lungu a wurin, ba motar da ta tsaya. Na tambayi mai albasa ina matar da muke magana da ita. Mai albasar ta dube ni ta ce ita dai ta ga ina magana ni kaɗai, ta ɗauka addu'a nake yi. Yadda na isa gida ranar nan ban sani ba.

Shekarar nan mun ga abin da munka gani. Dashen da maƙwabta sunka taimake mu da shi ya makara, abin da munka girba bai kai mu tsakiyar rani ba. Awakina sunka tafi ɗaya bayan ɗaya, Lawali da bai taɓa barin gida ba ya tafi cin rani. Jikokina na cin tuwon baƙuwar dawa suna tambaya ina farin tuwon Inna, ni kuwa in tashi in shige ɗaki.

Sai da bazara, zafi ya kai inda ya kai, wata shida ko ɗigon ruwa bai sauka ba, ƙasa ta yi kamar kasko, wata safiya da hantsi mata masu zuwa itace sunka dawo ba itacen, sunka ce in fito in ga gonarmu. Na fita. Tun daga nesa na ga kamar an shimfiɗa likkafani. Dawar ce. Ta tashi gaba ɗaya, kowane rami, shukar farko da ta biyu, layi layi yadda Lawali ya sara da sungumi, tsawon ɗan yatsa, a busasshiyar ƙasa. Kuma fara ce, fara sol, ba ɗigon kore ko ɗaya a jikinta. Jiya da la'asar an bi ta gonar da shanu ba komai. Gari duka ya fito, liman ya tsaya a bakin gona yana ta salati. Awakin mutane da ke cin takarda don yunwa sunka zo bakin layi sunka tsaya, ba wadda ta sa baki. Na ɗebo ruwa a wani tulu na zuba wa 'yan ramuka ko za su rayu, a banza. Kwana uku sunka yi tsaye, rana ta huɗu sunka zube sunka zama gari. Bayan kwana biyu saƙon Kulu ya iso daga Tsafe: ita ma gonarsu haka, rana ɗaya, hantsi ɗaya.

Haka dawar uwata ta ƙare a doron ƙasa, abin da mata nawa sunka riƙe hannu da hannu, ni na kashe shi da zangarniya biyu. Kulu har ta rasu ba ta taɓa yi mini gori ba, Allah ya jiƙanta.

Ranar da tsiron ya zube na shiga ɗaki na jawo tulun, na ce ɗan abin da ya rage a gindinsa gara in kai shi bayan gari in binne in huta. Na tura hannu. Na fizge shi da sauri. Da ɗumi. Ba zafin bazara ba, jikin tulun sanyi ƙalau, ɗumi ne irin na ƙwan da kaza ta tashi a kai yanzu. Na kasa binne shi, don ba a binne mai rai. Na kasa shuka shi, na kasa dafa shi. Na mayar da laka na liƙe, na tura shi ƙarƙashin gado.

Ni ban san ko wace ce matar nan ba, mutum ce ko aljana ce, ko daga ina ta zo, Allah shi ya bar wa kansa sani. Abin da zan ce muku, ku masu ajiye iri, mata da maza: in baƙon abu ya burge ku, ku shuka shi a gefe shi kaɗai, ku ga 'ya'yansa, ku ga jikokinsa. Kuma ko me za ku ƙara, ku fara ware na iyayenku tsantsa ku kai wani gida, inda hannunku da son zuciyarku ba za su kai ba. In kuma mai abu ya ce kada a taɓa, ku bar masa, ko da kuna ganin kun fi shi shekaru.

Tulun yana nan ƙarƙashin gadon da nake zaune a kai yanzu. Na rasa wa zan bar wa shi, na kuma rasa me zan ce ya yi da shi. Jiya ma na fasa lakar na sa hannu. Da ɗuminsa.